HATSARIN GAMA MAGANIN BAIRAS DA MAGANIN DA KE TAƁA GARKUWAR JIKI

Jawabin wayar da kan jama'a, musamman Hausawa mazauna Fegge ta Anacha, da Inugu, da Fatakwal



Makasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a ga wani hatsari wanda yawancin mutane ba su san da shi ba, watau hatsarin shan magunguna iri biyu a lokaci guda: maganin da ke yaƙi da ƙwayar cuta ta bairas, da maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki ko kuwa ya zuga ta. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma sau da yawa likitoci da kansu sukan gama su da gangan, bisa awo da lura. Amma idan suka gamu a jiki ɗaya ba da sanin likita ba, sukan jawo lahani ga ƙoda, ko hanta, ko jini, wani lokaci ma har a rasa rai.

DALILIN AMBATON FEGGE

Unguwar Fegge tana bakin Kogin Kwara, ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Anacha ta Kudu. Tun kafin a gama gadar Kwara a cikin 1965 Hausawa suke sauka a Anacha da shanu, da albasa, da wake, haka kuma suke zaune a Inugu da Fatakwal. Dab da Fegge, a gindin gada, akwai kasuwar Ogbo Ogwu, wadda tana cikin manyan kasuwannin magani na Afirka ta Yamma. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a cikin 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, ta rufe wannan kasuwa a watan Maris na 2007, zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili, ta kuma sake rufe ta a watan Fabrairu na 2025, saboda jabun magunguna da waɗanda ba su da rajista. Inda magani ya yi yawa, ya kuma yi araha, to, saye ba da takardar likita ba yakan zama al'ada.

Har wa yau, baƙon da ya zo fatauci yakan kasance da asibiti biyu. Yana karɓar wani magani a Kano, ko Sakkwato, ko Katsina, in kuma ciwo ya kama shi a Kudu sai ya je wani asibiti dabam, ko ya tsaya a kemis. Likitan can bai san abin da na nan ya rubuta ba. Ga kuma bambancin harshe, wanda yakan sa majiyyaci ya taƙaita bayani don kada ya wahala.

Binciken ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a cikin 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Nijeriya, kuma Jihar Ribas tana cikin jihohi uku da abin ya fi yawa. Binciken ya nuna kuma kashi 8.1 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Ashe ke nan masu shan maganin bairas ba kaɗan ba ne a ƙasar nan.

MAGUNGUNAN DA AKE NUFI

Kashi na farko su ne magungunan bairas. A cikinsu akwai na ƙanjamau, kamar haɗin nan da ake kira TLD, mai ɗauke da tenofobir, da lamibudin, da dolutegirabir, wanda yawancin majiyyata ke sha yau. Waɗanda maganin farko ya daina yi wa aiki akan mai da su kan wani haɗi mai ɗauke da ritonabir, kamar Aluvia, ko atazanabir da ritonabir. Akwai na ciwon hanta, kamar tenofobir da entekabir ga nau'in B, da sofosbubir da dakalatasbir ga nau'in C. Akwai ribabirin da ake bai wa masu zazzaɓin Lassa, da Paxlovid na cutar korona, wanda shi ma yana ɗauke da ritonabir.

Kashi na biyu su ne magungunan da ke taɓa garkuwar jiki. Mafi yaɗuwa a cikinsu su ne dangin sitiroyid: deksametason, da firedinisolon, da betametason, da allurar Kenalog, da fulutikason da masu ciwon fuka ke shaƙa. Tun daga 1948, lokacin da Dokta Philip Hench ya fara gwada kotizon a kan mai ciwon gaɓɓai a Amurka, wannan dangi ya zama abin dogaro wajen kwantar da kumburi. Sa'an nan akwai masu ƙarfi da ake bai wa wanda aka yi wa dashen ƙoda, don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar, kamar takrolimus, da saikulosforin, da azatiyofirin wanda aka fi sani da Imuran. Akwai kuma intaferon, wanda shi zuga garkuwar yake yi.

HANYA TA FARKO: TOSHE RARIYA

Duk maganin da mutum ya sha, sai jiki ya fitar da shi bayan ya gama aikinsa. Babban ɓangare na wannan aiki hanta ce ke yin sa, ta hanyar wani sinadari da masana ke kira CYP3A4. Ana iya kwatanta shi da rariyar gida, wadda ruwan sama ke bi ya fita waje. Ritonabir, wanda aka fara amfani da shi a cikin 1996, yana toshe wannan rariya. Da gangan ake sa shi kaɗan cikin haɗin magani, domin abokin tafiyarsa ya daɗe cikin jini yana yaƙi da bairas. Matsalar ita ce, rariyar da aka toshe ba ta zaɓen ruwan da za ta tare. Duk wani magani da ke bin wannan hanya zai taru ya yi ambaliya.

An gwada wannan a kan mutane masu lafiya: da aka gama ritonabir da fulutikason na fesawa a hanci, yawan fulutikason da jini ya ɗauka ya ninka kamar sau 350. Watau ɗan abin shaƙa da ake ganin ba shi da wani ƙarfi ya koma tamkar manyan ƙwayoyi da ake haɗiya kullum. Haka allurar Kenalog guda ɗaya da aka yi a gwiwa ko a baya tana iya daɗewa cikin jiki makonni da yawa fiye da ƙa'ida.

Sakamakon taruwar sitiroyid shi ne ciwon da ake kira da sunan Dokta Harvey Cushing. Fuska takan kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ƙeya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Nankarwa mai duhu takan fito a ciki da cinyoyi. Daga nan sai hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, har kan ƙashin ƙugu ya lalace mutum ya kasa tafiya.

A nan ya kamata a yi magana a fili game da ƙwayoyin ƙiba da ake kira “sha-ka-fashe”, waɗanda galibi deksametason ne. A ɗauki misalin mai sayar da albasa wanda ke shan magani mai ritonabir. Yana tsoron kada ya rame mutane su fara zargi, tun da sunan ciwon kansa daga ƙanjamewa aka samo shi. Sai wani ya ba shi shawara ya sayi ƙwayar ƙiba. Cikin makonni kaɗan kumatu suka fito, abokan kasuwa suna cewa Kudu ta karɓe shi. Alhali kuwa kumburi ne na cuta, kuma garkuwar da maganin asibiti ke ƙoƙarin farfaɗowa ita ce ƙwayar ƙiba ke dannewa, har tarin fuka ya sami ƙofa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka nan mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma fata tana tsotse shi zuwa cikin jini idan ana shafawa a dukan jiki wata da watanni.

Hatsarin ya fi tsanani ga masu dashen ƙoda. An fara wannan aiki a Nijeriya a Asibitin St. Nicholas na Legas a cikin 2000, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a cikin 2002. Takrolimus magani ne wanda tsakanin awon da ke amfani da awon da ke cutarwa tazara kaɗan ce ƙwarai. Ritonabir yana ɗaga shi har ya kai wanda ya saba sha sau biyu a yini, likita ya mai da shi ƙwaya ƙarama guda a mako. Ko Paxlovid, da ake sha kwana 5 kacal, ya isa ya sa takrolimus ya zama dafi: rawar hannu, ciwon kai, ruɗewa, raguwar fitsari, da farfaɗiya. Toshewar kuma ba ta buɗewa ranar da aka gama shan maganin, sai bayan wasu kwanaki. Saboda haka likita yakan dakatar da takrolimus yana auna jini, ko ya zaɓi wani maganin korona dabam.

HANYA TA BIYU: YASHE RARIYA FIYE DA KIMA

Wasu magunguna kishiyar wannan suke yi, watau suna sa hanta ta fitar da magani da gaggawa tun bai gama aiki ba. Efabirenz da nebirafin, waɗanda aka daɗe ana amfani da su a kan ƙanjamau kafin zuwan TLD, suna rage takrolimus da saikulosforin cikin jini, har jiki ya tasam ma ƙodar da aka dasa. Deksametason kuma, in ana shan sa kwana da kwanaki, yana rage ƙarfin wasu magungunan bairas. Don haka ne ba a yarda a gama shi da dakalatasbir na ciwon hanta nau'in C ba. Mutum zai kashe kuɗinsa, ya sha magani mako 12 cur, a ƙarshe a auna a tarar ƙwayar cutar tana nan. Idan maganin bairas ya yi ƙaranci cikin jini, ƙwayar cutar takan saba da shi, ta daina jin sa.

HANYA TA UKU: DUKA BIYU A WURI ƊAYA

Akwai inda magungunan biyu ke haɗuwa su raunana gaɓa ɗaya. Ɓargon ƙashi shi ne masana'antar jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da masu tsai da zubar jini, duk daga can suke fitowa. Ribabirin shi kaɗai yana farfasa jajayen ƙwayoyi. Idan ya gamu da azatiyofirin, yakan sa wani gurɓataccen sinadari ya taru ya danne ɓargo, kuma an ga haka tsakanin mako 3 zuwa 7 da fara gama su. Alamominsa su ne ɗashewar ido da tafin hannu, da kasala, da zazzaɓi, da gyambon baki, da haɓo, da zubar jini daga dasashi.

Wannan ya shafi ƙasar nan kai tsaye, gama zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a cikin 1969, yakan tashi kowace shekara da rani, kuma Jihar Ebonyi, maƙwabciyar Inugu, tana cikin wuraren da ya fi addaba. Duk wanda aka kwantar saboda Lassa, lalle ne 'yan'uwansa su faɗa wa likita in yana shan Imuran ko makamancinsa. A sani kuma ribabirin yana lahanta ɗan tayi, don haka ana hana ɗaukar ciki lokacin shan sa da watanni bayan an gama, ko matar ce ta sha ko mijin.

Tarihin maganin ciwon hanta nau'in C babban darasi ne. An gano intaferon a birnin Landan a cikin 1957, kuma daga 1998 aka shiga gama shi da ribabirin, ana yi wa majiyyaci allura mako 24 zuwa 48. Haɗin ya warkar da mutane da yawa, amma ya zo da ƙarancin jini, da zazzaɓi, da baƙin ciki mai tsanani, har wasu suka kasa kai wa ƙarshe. Abin ya fi muni ga masu shan zidobudin na ƙanjamau, don shi ma yana danne ɓargo. Daga 2013, da sofosbubir ya fito, aka sami magungunan haɗiya masu warkar da fiye da kashi 90 cikin 100, aka kuma yi ban kwana da intaferon a wannan ciwo.

Ƙoda ma tana shan irin wannan duka biyu. Tenofobir da asaikulobir sukan wahalar da ita, haka takrolimus da saikulosforin. Ana iya gama su, amma sai da awon ƙoda a kai a kai.

HANYA TA HUƊU: HATSARIN DAINAWA

Kada wanda ya ji wannan bayani ya tashi ya zubar da maganinsa, domin dainawa farat ɗaya ita ma kisa take yi. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka mai samar wa jiki nasa sitiroyid na halitta, wanda ke riƙe ƙarfin jini. In mutum ya daɗe yana shan na waje, sai ta kwanta ta daina aiki. Ranar da ya yanke sha gaba ɗaya, jiki ba shi da na waje, ba shi da na ciki: sai kasala mai tsanani, da amai, da jiri, jini ya faɗi, mutum ya suma. Da sannu-sannu likita ke janye wannan magani.

Ciwon hanta nau'in B kuwa yakan kwanta a jiki shekara da shekaru mai shi bai sani ba, garkuwarsa ce ke danne shi. Da zarar an raunana garkuwar da sitiroyid mai yawa na tsawon wata guda ko fiye, ko da maganin ciwon daji irin su ritukzimab, sai ƙwayar ta farka ta yaɗu, shawara ta bayyana, hanta ta kasa. A cikin 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kan ritukzimab saboda wannan. A irin wannan hali gama magungunan biyu shi ne daidai: ana fara tenofobir ko entekabir tun kafin a taɓa garkuwa, a ci gaba da shi watanni 6 zuwa 12 ko fiye bayan an gama. Masu shan TLD su lura cewa biyu daga cikin magunguna ukun da ke cikinsa suna danne ciwon hanta nau'in B. Wanda ke da cututtukan biyu, in ya bari maganinsa ya yanke don ya tafi gida noma ko Salla, hantarsa tana iya tashi.

Deksametason kansa ya nuna cewa awo da lokaci su ne magani. A watan Yuni na 2020 binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya tabbatar yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi. Amma bai amfani waɗanda ciwonsu bai kai ga neman iska ba.

ABIN DA YA WAJABA A KAN KOWA

1. Duk mai zuwa asibiti ya tattara dukan magungunansa cikin jaka ya nuna wa likita: ƙwayoyi, da abin shaƙa, da na ɗigawa a ido ko hanci, da man shafawa, da na gargajiya. Ya ambaci kowace allura da aka yi masa a watannin baya.

2. Mai shan maganin ƙanjamau kada ya ɓoye wa likita ko masanin harhaɗa magunguna. Dokar aikinsu ta hana su tona asirin majiyyaci, kuma Dokar Hana Tsangwamar Masu Ƙanjamau ta 2014 ta ƙara kare shi. Idan bai so ya ambaci ciwon ba, ya nuna kwalbar maganin, ta isa.

3. Mai ciwon fuka da ke shan ritonabir ya sanar da likita, domin akwai abin shaƙa irin su beklometason wanda ba ya taruwa kamar fulutikason.

4. Kada a sayi sitiroyid ko maganin bairas a kasuwa, ko a tasha, ko a hannun mai talla. Lasin na ƙananan kemis bai ba su ikon sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. A guji “haɗi” da ake ƙullawa a leda ba suna, don sau da yawa akwai deksametason a ciki.

5. A yi awon ciwon hanta nau'in B kafin a fara duk wani magani mai danne garkuwa na dogon lokaci. Wanda ba shi da ciwon ya nemi allurar rigakafi, wadda aka shigar cikin rigakafin jarirai na ƙasa tun 2004.

6. Matafiyi ya karɓi maganin da zai ishe shi kafin ya tashi, tare da takardar canjin asibiti in zai daɗe. Tun daga 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin ƙanjamau kyauta a asibitocinta.

7. Wanda ba ya jin Turanci ko Ibo ya tafi da amintaccen tafinta. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna iya taimakawa ƙwarai wajen tanadin irin waɗannan mutane.

8. In an ga kumburin fuska, ko shawara, ko rawar hannu, ko raguwar fitsari, ko zubar jini ba dalili, a garzaya asibiti a ranar. Mazauna Anacha suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, na Inugu suna da na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla, na Fatakwal kuma suna da na Jami'ar Fatakwal. Ana iya kai rahoton illar magani ga ofishin NAFDAC na jiha.

Akwai nauyi kuma a kan ma'aikatan lafiya. Kafin a rubuta sitiroyid, ko a soka allura a gaɓa, wajibi ne a tambayi majiyyaci a keɓe, cikin harshen da yake ji, ko yana shan wani magani kullum. Tambaya ɗaya ta minti guda tana iya tsare ƙodar da iyali suka sayar da gona kafin a dasa.

Ana roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a zango, da tasha, da majalisa, da cikin gida wurin mata. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara wa kowa lafiya.